Busar Breixo a Kogon Teku

Yayana Breixo Louzán mai gashin burodi ne a ƙauyenmu na bakin teku, a Galisiya. Ranar Asabar yakan karkaɗe garin da ke jikinsa ya ɗauki gaita, algaitar nan tamu mai salka, wadda ya gada wurin kakanmu. Shi ya kafa ƙungiyar kiɗa ta Corvo Salgado bayan ya dawo daga soja. Mu huɗu ne: shi yana busa, ni Iria ina goge, Anxo mai ƙaton tumbi yana kan ganguna, sai Sabela mai jitar lantarki, wadda tsofaffi ke cewa ta ɓata musu kiɗan iyaye, amma ba su fasa rawa ba.

Faifanmu na farko a garejin Anxo muka ɗauke shi, har da haushin karensa a ciki. Na biyu kuwa Breixo ya dage sai a kogon da ke ƙarƙashin dutsen bayan gari, wanda ba a shigarsa sai teku ya janye. Wai can gaita take amo kamar a coci.

"Ni fa ban iya iyo ba," in ji Anxo.

"Da wannan tumbin? Ko an so ka nutse ba za ka nutse ba," in ji Breixo.

Da hantsi muka shiga da kayanmu da rakoda mai batir, rana tana haske, teku a kwance. Ba wanda ya san an yi hadari can nesa, kuma igiyoyin ruwan da ya tayar suna tafe. Muna tsakiyar waƙa Anxo ya daina kiɗa. Na duba, sai ga ruwa yana lasar ƙafar gangarsa.

"Yaya, dubi ƙofa," na ce.

Hanyar da muka biyo ta ɓace. Igiyar ruwa ta cika bakin kogon, duhu ya rufe mu, iska ta matse mana kunnuwa, sannan igiyar ta ja da baya tana jan duwatsu da wata irin ƙara. Ta biyu ta tafi da lasifikar Sabela. Muka haye wani tudu a ƙuryar kogon. Anxo ya riƙe rigata yana kiran mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa. Ruwan ya zo gwiwa, ya zo ƙugu, sanyinsa har cikin ƙashi.

Sama da mu akwai rami mai shigo da ɗan haske. Muka yi ta ihu, teku ya haɗiye muryarmu. Na kalli Breixo, leɓensa ya yi fari.

"Ni na kawo ku," ya ce.

"To busa mana, malam!" Sabela ta daka masa tsawa. "Kuka a bari sai mun fita."

Ya ɗaga salkar sama da ruwa ya busa. Ba waƙa ba ce, sauti ɗaya ne mai tsawo, in igiyar ruwa ta buge shi ya yanke, ya tofar da ruwan gishiri ya sake. Wata tsohuwa, Dorinda, tana kiwon shanu a kan dutsen. Da ta ji busa daga ƙarƙashin ƙasa ta ɗauka matattu ne, ta ruga tashar jiragen ruwa tana addu'a. Da masunta suka ji labarinta, suka zo da igiyar ɗaure jirgi suka zura ta ramin, suka jawo mu ɗaya bayan ɗaya. Breixo ne na ƙarshen fitowa, ruwa ya kai masa wuya, kuma sai da aka ɓamɓare yatsunsa daga igiyar.

Kaset ɗin ya tsira a cikin hular Sabela. Muka fitar da faifan a haka, mutane suka so shi, har gidan rediyo ya sa. Breixo bai taɓa saurarensa ba. Ya ci gaba da busa tare da mu shekaru, amma in bikin a bakin ruwa ne sai ya ce ba shi da lafiya. Duk ranar da teku ya tashi, yakan rufe tagogin gidan burodi ya ƙure rediyo.

Da Sabela ta yi aure ta koma birnin Vigo, ƙungiyar ta watse. Yanzu Breixo yana birnin Lugo wurin 'yarsa, gashi duk ya yi fari, yana koya wa jikarsa riƙon salka.