Ba Komai, Ranka Ya Daɗe

Shekarar da nake aji bakwai, ba a daɗe da taso mu daga tsohon garinmu ba, wanda ruwan Tiga ya cinye. Makarantar sabon matsuguninmu ko katanga ba ta da ita, amma akwai fili a bayanta, nan malamin aikin gona ya kafa ƙungiyar matasa manoma. Ni aka ba shugabanci, don na girmi sauran, kuma na san albasa.

Na so lambun nan. Da an tashi nakan zarce can, mu gyara fangali, mu yi ban ruwa har la'asar sakaliya. Amma kwaleji na fi so. Ɗan maƙwabtanmu ya taɓa dawowa hutu da farin wando da akwatin ƙarfe, yana ba da labarin wani ɗaki da babu komai cikinsa sai littattafai. Tun ranar raina yake can.

Hedimasta ya kira ni ofis. "Sarkin noma, albasarka ta yi ƙiba, lissafinka ya rame. Wanne za ka kai zauren jarrabawa?"

Na kasa barin ko ɗaya. Sai na riƙa zuwa lambu da littafi a aljihu, ina buɗe wa ruwa hanya ina hadda. Da ƙyar na haye jarrabawar, aka kira mu intabiyu Kano, ni da wani abokina ɗan ƙungiyarmu.

A tasha Baba ya riƙe hannuna. "Manya za ka gani. Ka durƙusa, kada ka haɗa ido da su. Yabon kai jahilci ne. Kuma ban da zancen fartanya, gudunta muke yi muka sa ka boko."

Mutum uku na tarar a bayan tebur. Suka yi mini tambayoyin Turanci da lissafi, na ci wasu, na faɗi wasu. Sai wani dattijo mai tabarau ya ajiye biro, ya juya Hausa.

"To ɗana, in an tashi daga makaranta me kake yi?"

Bakina cike yake da amsa: irin da muka raina, yaran da nake ja, buhunan da muka kai gidan hedimasta. Na sunkuyar da kai.

"Ba komai, ranka ya daɗe. Sai karatu."

"Sai karatu?" Ya dubi makina, ya dube ni. "To, Allah ya taimaka."

Sai daga baya, da na koma kasuwanci na daɗe a kasuwa, na gane cinikin da na yi a ranar: na baza kayana mai rauni, na zauna a kan mai kyau. Baba bai yi kuskure da gangan ba, haka aka rene shi.

Abokina makinmu kusan ɗaya. Shi bakinsa ba ya da linzami, ya kwashe labarin lambu kaf ya ba su. Aka ɗauke shi, ni ba a ɗauke ni ba.

Da ya zo hutun farko ya same ni a kasuwar Kiru, ina auna wa kawuna dawa. Ya ce an ba shi kula da gonar kwaleji, yana so in tuna masa lokacin dashe. Na faɗa masa. Sannan na jawo masa buhu ya zauna, na ce ya ba ni labarin ɗakin littattafan. Ya ce bai cika shiga ba, amma akwai fanka, kuma tagoginsa suna kallon wata bishiyar mangwaro. Na bar masu saye suna jira har ya gama.