Ramin Ƙarshe da Na Bar wa Surukina

Akwai bugu ɗaya da na yi da sandar golf wanda har yau nake cewa da ma ban yi shi ba. Ban yi maguɗi ba, ban zagi kowa ba. Ladabi na so in nuna wa surukina, ladabin ya kunyata shi a gaban jama'a, ya kuma raba shi da kofin da ya daɗe yana nema.

A shekarun farko bayan an ba mu jiha, Jalingo ta cika da ma'aikatan da suka dawo daga Yola da wasu garuruwa. Wasu manya sun taho da sandunan golf a but ɗin mota, sai suka share wani fili a bayan gari suka kafa kulob. Lallausar ciyawar nan da ake gani a talabijin babu ita. Kewayen kowane rami yashi ne da ake cuɗawa da baƙin mai don ya kwanta, kafin ka buga sai a ja wani ƙarfe a daidaita maka hanya. Ni kuwa makanike ne a garejin gwamnati, karatuna bai wuce firamare da 'yar makarantar koyon sana'a ba. Baƙin man nan ne ya kai ni kulob, don ni nake kawo musu shi a durom. Ina kawowa ina tsayawa kallo, wata rana aka miƙo mini sanda don a samu abin dariya, ƙwallon ta tafi sambal. Daga nan aka sa ni a ciki.

Baffa, mahaifin maiɗakina, ya riga ni shiga. Likitan dabbobi ne da ya yi ritaya, Bafulatani, gidansa a unguwar Barade. In yana tafiya a fili yakan saɓa sandar golf a bayan wuya ya rataya hannuwansa a kai, kamar yana bin garke. Ni da shi mun san yadda muke yi: in ya zo da safe, ni sai da la'asar. In muka yi kiciɓis a ƙofar kulob in tuɓe takalmi in durƙusa in gaishe shi, idona a ƙasa, shi kuma ya amsa yana duban duwatsun da ke bayan gari. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa ɗaga ido na ƙare masa kallo ba.

Ƙarshen kowace damina ana gasar ƙungiyoyi. Ma'aikatan ayyuka da na gona, har da waɗanda suka yi ritaya, mu ne ƙungiya ɗaya. Kofin kullum yana hannun ma'aikatan lafiya. A waccan shekarar Baffa ya faɗa wa kowa cewa ita ce gasarsa ta ƙarshe, kuma yana so sau ɗaya a duniya ya ɗaga kofin nan kafin ya ajiye sanda.

Tsarin gasar shi ne mutum biyu ƙwallo ɗaya: ka buga, abokinka ya buga daga inda ta tsaya, haka har ta faɗa rami. Kyaftin ɗinmu injiniya ne daga Kudu, mutumin kirki, amma bai san surukuta ba. Ya kira ni yana murna.

"Makanike, na haɗa ka da baban matarka. Gida ɗaya, ƙwallo ɗaya. Ba faɗa. Yana da kyau, ko?"

Duk 'yan gari da ke wurin suka kwashe da dariya. Na ce, "Oga, don Allah ka canza." Ya ce ya riga ya gaya wa Baffa, kuma Baffa bai ce komai ba. A wurin Kyaftin shiru amincewa ce.

Ranar gasa aka haɗa mu da mutum biyu daga ƙungiyar lafiya. Babbansu wani likita ne Bajukune, abokin wasan kowa, bakinsa ba ya hutawa. Tun a ramin farko ya gane halin da muke ciki. Baffa ba zai yi mini magana kai tsaye ba, sai ya juya wurinsa.

"Likita, a gaya wa mutumin nan iska tana tura ƙwallo dama."

Likita ya juyo gare ni, alhali ina tsaye kusa da su. "Mutumin nan, an ce a gaya maka iska tana tura ƙwallo dama. Akwai amsa, ko in rufe ofis?"

Na ce, "A ce na gode."

"Baffa, an ce an gode. Ni fa abokin gabarku ne, kun mayar da ni masinja. Wa zai biya ni?"

Haka muka yi ta tafiya. Ba na shiga gaban Baffa, ko da ƙwallon tana jirana. Rana ta buɗe, ƙishirwa ta dame ni, amma ba zan sha ruwa a gabansa ba, sai in ce zan duba wani abu a bayan bishiyar ɗorawa. Likita ya riƙa ɗaga murya yana cewa, "Makanike ya tafi duba injin bishiya!" In Baffa zai buga, ni ƙasa nake kallo, sai na ji ƙarar sanda in ɗago in nemi ƙwallon a sama. Kuma abin mamaki, wasa ya yi mana kyau. Bugunsa mai nisa miƙaƙƙe ne, ba hagu ba dama, ni kuma hannuna ya saba da yashin nan, don ni na san irin man da ke cikinsa.

Muka iso ramin ƙarshe kunnen doki. Sauran wasanni sun ƙare, Kyaftin ya taho da sassarfa ya ce komai ya rataya a kanmu: in muka ci wannan rami kofi namu ne, in aka yi canjaras ya zauna wurin masu shi. Mutane suka fito daga barandar kulob suka kewaye mu.

Su Likita suka ɓata bugu a cikin ciyawa, suka gama da ƙyar. Baffa ya ɗago ƙwallonmu ta sauka a kan yashi, ta gangaro ta tsaya kusa da rami, tazarar ba ta fi tsawon sanda ba. Ni ne da bugu. Kyaftin ya raɗa mini cewa muna da rara: ko na jefa yanzu, ko Baffa ya jefa a bugu na gaba, mun ci.

A nan ne wayo ya zo mini. Na ce a raina, yaya za a yi suruki ya tsaya a gaban uban matarsa a tafa masa? Kofin nan burin Baffa ne. Bari in kawo ƙwallon bakin rami in bar masa, ya taɓa ta kawai, a ɗaga shi sama. Har na fara jin yadda za a ba da labarin ladabina a zaurukan Barade. Wannan ɓangaren na ƙarshe shi ne na fi jin kunyarsa.

Na taɓa ta a hankali. Ta tsaya inda na so, ƙasa da taƙi ɗaya daga rami.

Ba wanda ya tafa. Likita, da bakinsa bai rufu ba tun safe, ya ce a hankali, "Kai, Makanike."

Baffa ya matso ya sunkuya. Don ina so in ga shigar ƙwallon, a karo na farko na ɗaga ido na dube shi yana riƙe da sanda. Hannuwansa rawa suke yi. A bugu mai nisa, da ƙarfi ake kaɗa sanda, rawar ba ta hana komai. A ɗan bugun nan da ke son hannu ya tsaya cik, kan sandar sai kaɗawa yake yi kamar ganye. Ashe duk kulob an sani. Kyaftin ya sani, shi ya sa ma ya nema masa mai iya ƙarasawa. Ni kaɗai ne ban sani ba, don ni kaɗai ne ba na kallonsa.

Ya daɗe a sunkuye. Sandar ta zabura, ƙwallon ta bi gefen rami ta wuce. Na zo na jefa ta, aka yi canjaras, kofi ya zauna inda yake.

Baffa ya miƙe, ya ba su Likita hannu, ya ce musu useko, wato ya gode. Sannan ya juyo, bai bi ta kan kowa ba, ya dube ni.

"Kai. In ka ga rami, ka jefa."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Likita ya so ya sassauta abin, ya ce, "Alhamdu lillahi, an kore ni daga aikin masinja." Aka yi 'yar dariya, har Baffa ya murmusa.

Da na koma gida a unguwar Mayo Gwoi na tarar labari ya riga ni. Maiɗakina ta ajiye mini tuwo ta ce, "Malam, shekara nawa yana riƙe kofin shayi da hannu biyu? Da ka tambaye ni." Na ce ban lura ba. Ta ce, "Ai ƙafarsa kaɗai ka sani. In an ɓatar da takalminsa kai za a aika nema."

Baffa bai sake shiga gasa ba, kamar yadda ya faɗa. Yakan zo ya zauna a baranda, in 'yan kulob suka tsokane shi ya ce yashin ne aka cika wa mai, su tambayi mai kawowa. Bai taɓa cewa da gangan na yi ba, ko da yake na tabbata ya sani. Ni kuma kunyar nan dai ta hana ni in je zaurensa in ba shi haƙuri, har Allah ya karɓi abinsa.

Don haka ina roƙonku, ku da kuka karanta, kada ku yi irin nawa. Ku girmama manya, ku durƙusa, ku sha ruwanku a bayan bishiya in kun ga dama. Amma wani lokaci ku ɗan saci kallon hannuwansu kafin ku miƙa musu aiki.