Dakta Sule Rabin-Goro

Duk wanda ya taɓa zama da Dakta Sule ya san ba ya cinye goro. Sai ya raba shi biyu, ya ci rabi, ya mai da rabi aljihu. Gobe ya raba ragowar, jibi ya sake rabawa. Ni da nake taubashiyarsa, 'yar gwaggonsa, na taɓa ce masa rowa ce kawai. Ya ce a'a, ilmi ne, haka ƙarafa masu nauyi suke ƙarewa, rabi bayan rabi. Na ce to su ma marowata ne.

Aikinsa ke nan a jami'ar Turai. Ba ya taɓa inji, ba ya haɗa magani. Alli ne da allo, yana lissafin yadda ƙwayar zarrar ƙarfe irin yuraniyom take farfashewa da kanta har ta rikiɗe ta zama wani abu. In ya zo hutu Kurfi, bangon zauren mahaifinsa, Kawu, shi ne allonsa, gawayin murhunmu ne allinsa. Ranar da aka yaɓe bangon, wuni ya yi yana fushi da kowa.

Wata rana mahaifiyarsa, Inna Tambai, ta zaunar da shi ya gaya mata abin da ya hana shi zama gida. Ya yi ta bayani har fura ta tsinke: ƙarfen zai yi shekaru dubbai a kan dubbai yana canzawa. Ta tambayi abin da yake zama a ƙarshe. Ya ce dalma.

"Dalma dai da ake liƙe tukunya? Sule, ai da ka tambaye ni, akwai ta kasuwar Dutsin-Ma."

Shekarar da rediyo ta ce Turawa sun fasa bam a Sahara, sai jita-jita ta bazu cewa guba ta sauka a ciyawa, ta shiga nonon shanu. Kasuwa biyu ba wanda ya taya nonon Fulani. Matan rugar Tamawa suka riƙa komawa da ƙorensu cike, wasu har da kuka. Dattawa suka tare Sule a kasuwa, suka roƙe shi ya buɗe baki ya ce ba komai, don hankalin mutane ya kwanta. Kun san taurin kansa. Ya ce shi bai auna ba, kuma ba zai faɗi abin da bai auna ba. Liman ya lallashe shi, Kawu ya yi masa tsawa, ko gezau.

Can sai ya tsuguna gaban wata tsohuwa mai tallan nono, Inna Wuro, ya ɗauki ludayi.

"Guba dai ban auna ba. Amma yunwa na auna, tana nan."

Ya shanye ƙwarya guda. Washegari tun da sassafe zauren Kawu ya cika da masu gaisuwa, har waɗanda ba su taɓa gaishe shi ba, kowa na leƙen idonsa ya ga ko guba ta fara aiki. Da kasuwa ta zagayo yana nan da ransa, kafin azahar nono ya ƙare kaf.

Bai yi tsawon rai ba. Ciwon 'yan kwanaki ya ɗauke shi a can nesa, ba mu ga gawarsa ba, kuma tun daga nan ban sake samun wanda zan tsokana ya rama da dariya ba. Allah Ya jiƙan Sule, Ya haskaka kabarinsa a ƙasar da ba mu iya kai masa ziyara, Ya sada mu da shi a Aljanna.