Tsinken da Na Cusa a Akwatin Wuta

Wauta dai na yi ta iri-iri, amma wadda na yi da tsinken tsintsiya ita ce har yau ba ta bar ni ba. Jikana yana ba ni labarin injinan da kwamfuta ke tuƙawa ba hannun mutum. Na ce masa ni na riga su, da aji biyun da na yi a firamare.

A shekarun saba'in ina aikin injin niƙa a Kafanchan, ƙarƙashin wani dattijo, Baba muke ce masa. Injin gas ne, sai an murɗa shi da hannu, yana tari kamar mai shi. Da Baba ya rasu, 'ya'yansa suka kawo wani mai gyaran wuta daga reluwe ya mayar da shi na lantarki, ya kafa akwati mai maɓalli biyu, kore da ja. In an ɗauke wuta injin ya mutu, ko an dawo da ita ba ya tashi sai an danna koren.

Ni kuwa dara nake yi a gindin mangwaro, tashi in je in danna koren ya dame ni. Sai na cusa tsinke na danne koren. Wata rana da tsakar rana aka kawo wuta, ɗakin ba kowa, injin ya kama ruri shi kaɗai. Matan da ke jira da kwanukan dawa da acca suka watse. Ɗaya ta ce, "Baba ne!" Maimakon in faɗi gaskiya, sai na cire hula na ce, "Sannu da zuwa, Baba." Na yi dariya har na ɓata wasana.

Kashegari matar Baba ta zo, ba ta kawo niƙa ba. Ta zauna a bencin da yake zama. Da injin ya tashi, ta ce a hankali, "Ka zo?" Ta shiga ba shi labarin gonar cittarsu ta Kachia, da wanda ya yi aure a coci, da ciwon gwiwarta. Haka kullum. Ranar da ba wuta, ta zauna har la'asar ta tafi gida. Dariya ta ƙare mini. Ni kaina na fara jin tarinsa a cikin ƙarar bel ɗin injin.

Na kasa jurewa, na zare tsinken. Ran nan ƙwan lantarki ya kama, injin bai motsa ba. Ta daɗe tana kallonsa. Ta miƙe da kyar, ta gyara zani, ta zo ta tsaya a kaina.

"Yarona," ta ce, "tun ranar farko na ga tsinken nan. Wa ya ce ka cire?"