Sirdin da ba shi da doki

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Haruna Baduku. A ƙauyenmu, wanda ke yamma da kogi ana hango garin Suki a tsallake, mutane suna tuna shi da kuben wuƙa da takalman fata da kayan jakin karo, wato amalanke. Ni kuwa duk lokacin da ya faɗo mini a rai, a ƙaramin ɗakin da ke bayan rumfarsa nake ganinsa, a tsugune gaban wani sirdi da sau ɗaya tak na taɓa ganin an ɗora wa dabba.

Sirdin yana zaune ne a kan wani kututture. Jar fatar akuya ce ta rufe shi, irin jan da ake samu daga karan dafi, an zagaye ta da siraran layuka na koriyar fata. Gabansa, inda mahayi ke dafawa, an lulluɓe shi da tagulla, an bi da zanen azurfa da aka buga da guduma ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar gero. Likkafunsa faɗaɗa ne, ƙafa gaba ɗaya ke zama a ciki. Ɗinkin kuwa sai kin kawo ido kusa za ki gane ɗinki ne. Baba yakan ce shi da ya yi rayuwarsa da basilla a hannu, bai kai rabin wanda ya yi wannan aiki ba.

Wanda ya yi shi kakan Baba ne. Shi ne badukun wani babban mutum da ya baro ƙasar Sakkwato lokacin hijirar da aka yi zuwa gabas, da niyyar Makka. A gidanmu ba a faɗin sunan mutumin, Mai Sirdi kawai ake cewa. Dokinsa ya mutu a hanya, badukun ya ɗauko sirdin a ka. Da suka iso bakin wannan kogi ciwo ya kwantar da Mai Sirdi, bai ƙetare ba. Abin da ya ce wa badukunsa na ƙarshe shi ne ya riƙe masa sirdin cikin shiri, don bai isa ba tukuna. Daga kaka zuwa ɗa zuwa jika, an riƙe.

Abin da ban taɓa faɗa wa abokan aikina a makarantar da nake koyarwa a Managil ba shi ne, sirdin yana cinyewa. Majayinsa, wato ɗamarar da ke zagaye cikin doki, Baba yakan saƙa sabo, kafin shekara ta zagayo ya suɗe a tsakiya kamar wanda ya sha tafiya. Cikin likkafun kullum sumul yake da ƙyalli, alhali babu mai gogewa. Wata rana da hantsi, ina budurwa, Baba ya aike ni in ɗauko masa man da yake shafa wa fata. Na jingina hannu a shimfiɗar da ke ƙarƙashin sirdin, na ji ta jiƙe, da ɗumi. Na kai hannun hanci. Warin gumin doki ne, ga shi ko jaki ba mu da shi a gidan a lokacin.

Na fito da gudu. Baba ya dube ni, ya dubi hannuna.

"Je ki wanke, ɗiyata. Kuma in za ki shiga, ki riƙa yin sallama."

Liman ya ce raɓar kogi ce da ɓeraye, ya kuma ja wa Baba kunne kada ya jingina wa fata abin da ba nata ba. Baba bai yi musu ba. Ya ce shi dai amana aka bar masa, kuma abin da ya lalace a hannun baduku gyara shi ake yi. Ni ma da na yi karatu na koma bayan maganar Liman, ko kuwa na riƙa nuna haka.

Sai bikin Usmanu, ɗan ƙanen Baba. Damina ce, kogi ya cika ya yi jawur da laka. Usmanu yana so ya shiga gidan surukai da abin da babu wanda ya taɓa shiga da shi. Ya roƙi Baba aron sirdin.

"Wanga sirdi yana da mai shi, Usmanu."

"Mai shi ya rasu tun ba a haife ka ba, Baba."

"Na sani. Ban ba ka ba."

Ranar bikin Baba ya tafi sayen fata a kasuwar wani ƙauye da ke kudu da mu. Usmanu da abokansa suka shiga ɗakin suka ɗauko sirdin, suka ɗora wa wata goɗiya da suka aro wurin maƙwabcinmu Balarabe, dabba mai sanyin hali wadda har mata ke ja. Bayan la'asar ya hau, ana kiɗa ana guɗa. Gaskiya ban taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ba. Rana ta bugi tagullar, wata tsohuwa ta fashe da kuka.

Gidan surukai yana yamma da gari. Goɗiyar ta juya gabas.

Ba ta yi tutsu ba, ba ta zabura ba. Tafiya ta kama, a natse, irin ta dabbar da ta san inda za ta. Usmanu ya ja linzami har bakinta ya yi jini. Maza suka sha gabanta, ta bi ta tsakiyarsu. Ta ratsa gonar dawa, muna biye, kiɗa ya mutu, babu abin da ake ji sai karyewar kara. Muna ta yi wa Usmanu ihu ya diro, shi kuwa yana zaune ƙiƙam, fuskarsa ta yi fari fat. Ta gangara gaɓa ta shiga ruwa. Ya kai mata gwiwa, ya kai mata ciki.

A nan Baba ya iso, wani mai karo ya tsinto shi a hanya. Bai tuɓe ko rawani ba ya faɗa ruwan. Ruwa ya kai masa wuya kafin ya kamo ta. Bai yi wa goɗiyar magana ba, bai yi wa Usmanu ba. Ya dafa tagullar gaban sirdin, na ji shi da kunnena yana cewa, "Malam, a yi haƙuri. Yaro ne, bai sani ba." Ya zaro wuƙarsa ya yanke majayin. Nan take goɗiyar ta firgita kamar wadda aka tasa daga barci, ta juyo tana haniniya. Aka jawo Usmanu. Baba ya fito da sirdin a ka.

Sai bayan kwanaki Usmanu ya iya magana a kai. Ya ce da ya zura ƙafa a likkafa, ya ji akwai wata ƙafa a ciki, tasa a kanta ta hau. Yau Usmanu raksha, wato babur mai ƙafa uku, yake tuƙawa a garin Hajj Abdalla, ya yi furfura, kuma har yanzu in ya zo gida ba ya bi ta bayan rumfar.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga garin yanzu. Kayan jaki sun koma igiyar leda da tsohuwar taya. Babu mai jima da bagaruwa, kuben wuƙa ma na roba ake kawowa. 'Ya'yana Larabci ya fi zama musu a baki, sirdin ma sarij suke ce masa, suna ɗaukarsa hoto da waya. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai dai juya igiyar ledar a hannu, ya ajiye, abin da muka fi tsoro ke nan a kan faɗansa.

Shekarar da ya rasu, yayana da ke aiki a Jidda ya shirya masa aikin hajji. Baba ya yi murna kamar yaro. Ya ce in ba za a bar shi ya shiga jirgi da sirdin ba, ko likkafa ɗaya zai sa a jaka. Ya saƙa sabon majayi, ya shafe fatar da mai. Saura 'yan makonni a tashi, Inna ta kai masa shayi da walaha ta tarar da shi jingine da bangon rumfa, basilla a hannu, rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar arba'in na yi sallama na shiga ɗakin. Igiyoyin likkafa suna da tsohon ƙulli da ya ci fata ya yi baƙi, a can ƙasa, daidai ƙafar dogon mutum. An kwance shi. An ɗaga likkafun sama, an yi sabon ƙulli, irin ƙullin Baba. Mahaifina gajeren mutum ne. Na kira Inna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Bar shi yadda kika gan shi," ta ja ƙofa.

Mai yiwuwa shi ya yi da hannunsa kafin ya rasu, don wani dalili na masu sana'a da ban sani ba. Matattu suna wurin Ubangijinsu, haka aka koya mana, haka na yi imani. Abin da zan iya shaida kawai shi ne, tun daga ranar majayin bai ƙara suɗewa ba. Shimfiɗar a bushe take. Cikin likkafun ya dushe, ya yi tsatsar tagulla. Sirdin ya soma tsufa irin tsufan kowace fata, yana tsattsagewa a gefe, kuma babu baduku a zuriyarmu da zai ɗinke shi.

Baba bai bar gona mai yawa ba, bai bar almajiran sana'a ba. Abin da ya bari shi ne misalin mutumin da aka ce wa kakansa riƙe, shi kuma ya riƙe bai tambayi har yaushe ba. Duk hutun makaranta nakan je in shafa wa sirdin mai yadda na ga yana yi. Kafin in fito nakan sa tafin hannu a ƙarƙashinsa, in ji shi a bushe, in yi musu addu'a su biyu. Allah ya sa sun isa.