Kawuna da Mai Binciken Jabu

Shekarar da aka rufe iyaka, kawuna ya maƙale a gidanmu a Jibiya. Direban babbar mota ne daga Maraɗi, kamiyo in ji su. Ya shigo da wake ya juye, kafin ya juya aka ja ƙarfe. Sai ya kafe motar a layi, ya ɗauko butarsa ya taho wurinmu.

A lokacin abu guda nake ɗoki in na taso daga makarantar da nake koyarwa a Daddara. Maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciyar jinya Kirista da kowa ke kira Sista, ta ara mana filashi cike da wani tsohon shirin Turawa na binciken kisan kai. Na karanta littattafan da aka ciro shirin daga cikinsu tun ina sakandare, amma na manta ƙarshensu. Bayan la'asar mukan zauna ni da matata da Sista. A kashe mutum a wani katafaren gida, mai binciken ya zo, wani dogo mai furfura, ya yi ta tambaya a sanyaye, mu kuma muna ta canke.

Ran da Kawu ya fara zama da mu, dogon yana bayyana ya ce, "Wanga kuma wane ne?"

Na ce, "Shi ne mai binciken, Kawu."

"Ƙarya shikai! Na san mutumin. Gajere ne, kakkaura, muna ganinai a tele tun kana rarrafe. Faransanci shikai."

Na yi masa bayani cewa littafi ɗaya ne, 'yan wasa ne daban, kuma nasa ma ɗora masa Faransancin aka yi. Ya dube ni kamar na zagi mamaci. Daga ranar sunan dogon ya koma Jabu. In ya yi tafiya, Kawu ya ce ba haka na gaskiyar ke takawa ba. In ya yi shiru yana tunani, Kawu ya ce barci yake.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya ƙona mini rai, Kawu ya san labaran. Gawa ba ta gama sanyi ba zai nuna allo da baki ya ce, "Likitan ne." Kuma likitan ne.

"Kawu, don girman Allah ku bar mu mu gano da kanmu."

"To ku gano mana. Ni dai na ce maka ka sa ido ga likita."

Sista ta gwada lallashi, ta kawo masa gyaɗa don bakinsa ya samu aiki. Ya ci, ya yi godiya, ya faɗa mata matar mamacin ce ta zuba gubar. Ba halin in kore shi, ƙanen mahaifiyata ne. Na gwada kallo lokacin da ya tafi duba motarsa, sai matata ta ce rashin kunya ne a kunna baƙo ba ya nan.

Rannan ya ce mai lambu ne ya yi kisan. Muka zauna rai a ɓace har ƙarshe, sai dogon ya nuna ɗan'uwan mamacin. Ashe masu wannan shirin sun sauya ƙarshen labarin. Na miƙe ina tafi kamar yaro. Kawu ko gezau. Ya ce ga shi nan, Jabu ya kama bawan Allah da bai ji ba bai gani ba, mai lambu kuma yana can yana yawo. Abin takaici, matata ta ce ita ma mai lambun bai kwanta mata ba. Aka yi ta musu har Sista ta zare filashinta, ta ce wa Kawu, "Baba, ni hutawa na zo yi," ta fice. Ba ta sake kawo shi ba.

Da aka buɗe hanya Kawu ya koma. Bayan 'yan makonni wani direba ya kawo mini saƙonsa, memori ɗauke da shirin gajeren, duk da Faransanci. Ba mai jin yaren a gidan. Matata takan kunna shi tana tsintar shinkafa, in na wuce ta kira ni in fassara mata, wai ai ni na karanta littattafan.