Mai Safa, Telan da Ya Ƙi Sake Ƙuri'a

Haihuwarsa

An haifi marigayin da masu ƙwallo suka fi sani da Mai Safa a shekarar 1949, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinsa tela ne mai keke ɗaya a ƙofar kasuwa, mahaifiyarsa kuwa unguwarzoma ce, kuma shi ne na uku cikin 'ya'yansu bakwai.

Karatu da sana'a

An sa shi firamare a 1956, ya kammala a 1963, daga nan ya zauna shagon mahaifinsa har ya ƙware a yanka da ɗinki. A wannan tsakani ne ya zama golan ƙungiyar teloli, inda ya shafe shekara goma sha ɗaya yana shan ƙwallaye cikin fara'a. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, a duk tsawon shekarun nan ƙananan ƙungiyoyi ba su da wani kofi da za su yi mafarkinsa, domin jami'an ƙwallon yankin aikinsu bai wuce zama a inuwa, a sha lemo, a miƙa kofi ga wanda ya ɗauka bara ba. Irinsu har yau ba su ƙare ba.

Aure da iyali

A 1974 ya auri 'yar wani kafinta, mace mai kaifin baki da yawan raha, kuma shekara na zagayowa Allah ya azurta su da ɗan fari, wanda daga baya ya gaji mahaifinsa a keke da kuma raga.

Kafa gasar

A 1979 ya tara wakilan ƙungiyoyi goma sha shida na rukuni na uku da na huɗu a shagonsa, wasu a kan benci, wasu a kan bandiran yadi, suka kafa gasar kofi ta sili-ɗaya-ƙwale, wadda aka faɗaɗa zuwa ƙungiya talatin da biyu a 1985. Tsarinta a taƙaice yake. Wasa ɗaya ake yi, ba gida da waje, wanda aka ci ya tattara takalmansa. In an tashi kunnen doki, sai a wuce bugun fenariti nan take. Haɗa ƙungiyoyi kuwa ta ƙuri'a ne: maɓallai masu girma ɗaya, kowanne da lambar ƙungiya a bayansa, a zuba su cikin tsohuwar safarsa ta gola, a girgiza, ya zura hannu a bainar jama'a. Wanda maɓallinsa ya fara fita, a filinsa za a buga, ko da filin nan awaki ne ke gyara masa ciyawa. Daga nan laƙabinsa ya samo asali.

Jarrabawar 1998

A shekarar 1998 sabon shugaban kwamitin gasar ya kawo ƙudurin a daina jefa ƙungiyoyi huɗu mafiya ƙarfi cikin safa, a ajiye su gefe har zagayen kwata fainal, wai don kofin ya yi armashi. Mai Safa ya fahimci cewa ranar da aka amince da haka, gasar ta tashi daga ta kowa ta koma ta mutum huɗu. Aka tsayar cewa za a kaɗa ƙuri'a kan ƙudurin bayan zagayen farko.

Ranar haɗa zagayen a shagonsa, maɓallin farko da ya zaro na teloli ne, waɗanda ɗansa ke yi wa kyaftin. Na biyu ya suɓuce daga yatsunsa ya gangara ƙarƙashin benci, kowa kuma ya ga lambar: ƙungiyar masaƙa ce, wadda ta ɗauki kofin sau biyar.

Shugaba ya yi murmushi ya ce, "Ayya, ya faɗi ƙasa. Malam, mayar da shi ka sake, ai duk muna da 'ya'ya."

Ɗan ya matso ya rage murya. "Baba, don Allah mayar. Shekara uku muna atisaye."

Tsohon ya durƙusa ya lalubo maɓallin, ya hure masa ƙura, ya ɗaga shi sama. "Ranka ya daɗe, in na mayar yau saboda ɗana, gobe da wane baki zan hana ka mayarwa saboda surukinka?"

Shagon ya kaure da dariya, domin kowa ya san surukin Shugaba ne kocin masaƙa.

Aka buga wasan a filin teloli. Motar masaƙa ta kasa shiga lungun da ke kaiwa filin, zakaru suka ƙarasa a ƙasa, takalma rataye a wuya, jama'a kuwa har bisa katanga da rassan bishiya. Aka zura wa teloli huɗu ba ko ɗaya. Mako guda ɗan yana cin abinci ya juya wa uban baya, har uwar ta gaji ta ce, "Ku biyun dai! Ɗaya ya kasa riƙe maɓalli, ɗaya ya kasa riƙe ƙwallo, ni ce zan kasa zama a gidana?"

Amma wakilan ƙananan ƙungiyoyi sun ga mutumin da ya ƙi taɓa ƙuri'a ko don jininsa. Da aka zo kaɗawa, ashirin da biyar suka yi watsi da ƙudurin, bakwai suka goyi baya. Shekara uku bayan haka, ƙungiyar masu facin taya ta rukuni na huɗu ta fitar da masaƙa a zagaye na biyu, ta kuma ɗauki kofin, aka zaga gari da shi a cikin baro, Mai Safa na gaba yana rawa da sandarsa.

Rasuwarsa

Ya ci gaba da jan ƙuri'a har 2014, lokacin da ciwon ido ya sa ya miƙa aikin ga kwamiti, bisa sharaɗin ba za a taɓa ware kowa ba. Allah ya yi masa rasuwa a watan Maris na 2019, yana da shekara saba'in, bayan gajeruwar jinya, aka yi jana'izarsa a ranar bayan la'asar, kuma kyaftin-kyaftin na ƙungiyoyi talatin da biyu ne suka yi ta karɓa-karɓar makararsa har maƙabarta. Ya bar matarsa, da jikoki goma sha ɗaya, da 'ya'ya huɗu: malamar asibiti, da direban babbar mota, da autarsu malamar lissafi, sai babbansu tela, tsohon gola. Shi ne wanda, da liman ya roƙi jama'a su yafe wa mamaci, ya share idonsa ya ce da ƙarfi, "Na yafe masa, har da ƙwallo huɗun nan."